Wace Linux Ce Ta Dace da Kwamfutarka, Don Aiki da Buga Gem?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi na wucin gadi. Kwamfutar da ke kan Windows 10 za ta ci gaba da kunnuwa yadda ta saba, amma duk wata sabuwar ƙofa da masu kutse suka gano, babu mai zuwa ya toshe ta. Hawa Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa: ana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutoci na hannu da ake saya a kasuwanninmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali lafiyarsu ƙalau.

Wannan ya sa mutane ke waiwayar Linux, babbar manhajar tuƙa kwamfuta wadda ake samu kyauta, kuma kowa yana da 'yancin duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Sai dai da ka shiga bincike za ka tarar da sunaye rututu: Ubuntu, Mint, Fedora, Bazzite, Arch da sauransu, kowanne da magoya bayansa masu rantsuwa cewa nasu ya fi. To, maganar gaskiya sunan ba shi ne abin fara dubawa ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: wasanni da manhajojin da kake amfani da su, katin hoton da ke cikin kwamfutarka, da kuma yawan sabuntawar da datarka za ta iya ɗauka.

Me ya sa sunayen suka yi yawa haka?

Abin da ake kira Linux a asali cibiya ce kawai, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da furosesa da ma'ajiya da sauran kayan cikin kwamfuta. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finland. Cibiya ita kaɗai ba ta isa mutum ya yi aiki ba, sai an haɗa ta da wasu kayan aiki, da yawansu daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983, sannan a ɗora fuskar da za ka riƙa gani da manhajoji irin su burauza. Duk ƙungiyar da ta yi wannan haɗi ta fitar, abin da ta fitar shi ake kira distiro.

Ka ɗauke shi kamar motoci masu inji iri ɗaya amma jiki daban-daban. Kuma yawancinsu dangin juna ne. Debian ta fito a 1993. Daga cikinta aka gina Ubuntu a 2004, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Daga Ubuntu kuma aka gina Linux Mint a 2006. Fedora gida ne na daban wanda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinsa, Bazzite da Nobara 'ya'yanta ne. Arch ma gida ne na uku, daga ita CachyOS ta fito. Steam da Firefox da LibreOffice duk suna aiki a kan kowannensu. Inda suka bambanta shi ne yadda sababbin abubuwa ke iso maka, da abin da aka riga aka shirya maka tun daga farko.

Yadda gem ɗin Windows ke aiki a Linux

Mafi yawan wasannin kwamfuta an rubuta su ne don Windows, suna ba katin hoto umarni da wani yare na Microsoft mai suna DirectX. Linux ba ta jin wannan yare, Vulkan da OpenGL take ji. Saboda haka ana buƙatar tafinta.

Tafintan shi ne Proton, wanda kamfanin Valve mai Steam ya fitar a watan Agustan 2018. An gina shi a kan Wine, wani tsohon shiri da aka fara tun 1993 don fassara buƙatun manhajojin Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. A cikin Proton akwai DXVK mai juya DirectX 9 zuwa 11 ya koma Vulkan, da VKD3D-Proton mai yin irin wannan aikin ga DirectX 12. Ba wai ana kunna Windows a ɓoye ba ne. Fassara ake yi nan take, shi ya sa wasanni da dama ke gudu kusan daidai da yadda suke yi a Windows.

Abin da ya ƙara wa wannan aiki ƙarfi shi ne fitowar Steam Deck a watan Fabrairun 2022, na'urar gem ta hannu mai amfani da SteamOS, wadda aka gina a kan Arch. Tun daga nan kasuwar Valve ta rataya a kan cewa wasanni su yi aiki a Linux. Yau Elden Ring da Cyberpunk 2077 da The Witcher 3 suna tafiya ta hanyar Proton, Counter-Strike 2 da Dota 2 kuwa suna da nasu na Linux kai tsaye. Wasannin da ka saya a Epic ko GOG ana buɗe su da Heroic ko Lutris.

Abin lura a nan shi ne Proton ɗin da ke kan Mint shi ne dai ke kan Bazzite. Babu distiron da ke da wani sihiri na daban.

Tambaya ta farko: wane gem kake bugawa?

Nan ne babban cikas yake, kuma ya kamata a faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Wasu wasannin gasa na intanet suna zuwa da manhajar hana maguɗi wadda ke shiga can cikin cibiyar Windows ta zauna tana sa ido. Proton ba zai iya fassara wannan ba, domin cibiyar Windows ɗin ce babu ita gaba ɗaya. Tun 2021 Easy Anti-Cheat da BattlEye suka ba da damar aiki da Proton, amma sai kamfanin da ya yi wasan ya amince ya kunna. Wasu sun kunna, wasu sun ƙi.

Valorant da League of Legends, masu amfani da Vanguard, ba sa aiki. Fortnite da PUBG na kwamfuta ma haka. Apex Legends yana aiki a da, aka rufe shi ga masu Linux a ƙarshen Oktoban 2024. Masu son ƙwallo su lura: tun daga FIFA 23 kamfanin EA ya sa tasa manhajar hana maguɗi, don haka EA Sports FC ba ya tashi a Linux. Idan ɗaya daga cikin waɗannan shi ne abin da kake bugawa kullum da abokai, canza distiro sau goma ba zai yi magani ba. Mafita ita ce ka bar Windows a gefe ɗaya na ma'ajiya ka sa Linux a ɗaya gefen, ka zaɓi wadda za ka shiga lokacin kunnawa.

Kafin ka taɓa komai, rubuta sunayen wasanninka ka duba su a ProtonDB, inda masu wasa ke ba da rahoto, ana jera sakamako daga Platinum zuwa Gold, Silver, Bronze, sai Borked ga wanda ba ya aiki sam. Shafin Are We Anti-Cheat Yet kuma yana bibiyar matsayin wasannin da ke da manhajar hana maguɗi.

Haka za ka yi wa manhajojin aiki. Babu Microsoft Office na girkawa a Linux, babu Photoshop, babu CorelDRAW, babu AutoCAD. LibreOffice da OnlyOffice suna buɗe takardun Word da Excel, amma takarda mai tebura da shafuka masu sarƙaƙiya tana iya ɗan gocewa. Ɗalibin da zai miƙa kundin bincike gara ya mayar da shi PDF kafin ya kai a buga. Wanda kuwa abincinsa ke fitowa daga CorelDRAW, kada ya goge Windows. A ɗaya ɓangaren, Chrome da Zoom da VLC da Zotero da R da QGIS duk suna nan, kuma a cikin saitin kibod akwai tsarin Hausa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ.

Tambaya ta biyu: wane katin hoto ne a ciki?

Idan katin hotonka na AMD ne ko na Intel, direbobinsa buɗaɗɗu ne, suna zuwa a cikin cibiyar Linux da wani tarin manhajoji mai suna Mesa. Babu abin da za ka sauke daban. Amma hakan na nufin sabon kati yana buƙatar sabuwar cibiya da sabon Mesa. Wanda ya sayi katin da ya fito bana ya ɗora masa distiro mai tsofaffin kaya zai iya shan wahala.

Nvidia kuwa direbanta na kamfani ne, sai an girka shi daban. A Mint akwai Driver Manager da ke yin wannan da dannawa biyu ko uku, Bazzite da Pop!_OS kuma suna da nau'in da ke zuwa da direban a ciki. Sau da yawa wasannin DirectX 12 kan ɗan rage gudu a kan Nvidia idan aka kwatanta da Windows.

Sai tsofaffin kwamfutoci. DXVK na yanzu yana buƙatar Vulkan 1.3, kuma katin hoton Intel na ƙarni na 3 da na 4 bai cika wannan ba. A irin waɗannan sai a koma wa tsohuwar hanyar fassara ta OpenGL, wadda ba ta kai ta Vulkan sauri ba. Linux za ta sa tsohuwar laftof ta yi sauƙin numfashi wajen rubutu da shiga intanet, amma ba za ta mayar da ita na'urar buga manyan wasanni ba. Abin da bai tashi a Windows saboda raunin kati ba, a nan ma ba zai tashi ba.

Tambaya ta uku: sabuntawa nawa za ka iya ɗauka?

Distiro iri uku ne ta wannan fuska. Akwai masu tafiya a hankali: Ubuntu tana fitar da nau'in dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, tare da gyaran tsaro na shekara biyar, kuma a kansa ake gina Mint. Mint 22, alal misali, tana da tallafi har 2029. Akwai na tsakiya kamar Fedora, mai fitowa kusan duk wata shida, kowace fitowa da tallafin kimanin wata 13. Sai masu sabuntawa ba tsayawa irin su Arch da CachyOS, inda sababbin abubuwa ke zuwa kusan kullum.

Sabo yana da daɗi ga mai sabon katin hoto, amma yana cin data, kuma wani lokaci sabuntawa kan ɓata wani abu sai ka zauna gyara. Ga mai sayen data da gigabait, wannan lissafi ne na kuɗi.

Bazzite ta bi wata hanya. Ainihin tsarin a kulle yake, sabuntawa tana zuwa ne dunƙule guda, ba ta fara aiki sai ta kammala sauka an sake kunna kwamfuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, tsohon tsarin yana nan bai taɓu ba, kuma idan sabon ya zo da matsala kana iya komawa na baya. Kuɗin wannan kwanciyar hankali shi ne saukewar tana da nauyi, kuma manhajoji yawanci ta Flatpak ake girka su. A Mint, Timeshift ne ke ajiye hoton tsarin don komawa baya.

To, wacce za a ɗauka?

Idan aiki ne gaba, gem a bayansa, kuma kwamfutar ta ɗan kwana biyu, ɗauki Linux Mint. Fuskarta ta Cinnamon tana kama da abin da mai Windows ya saba, kuma idan matsala ta taso amsoshin Ubuntu da suka cika intanet galibi suna yi mata aiki. Idan RAM ɗinka 4GB ne, ɗauki nau'inta na Xfce wanda ya fi sauƙi.

Idan kwamfutar sabuwa ce, kana son aiki da wasa daidai wa daida, Fedora mai fuskar KDE Plasma ta dace, sai dai za ka ƙara wasu abubuwa da hannunka, kamar direban Nvidia da wasu manhajojin kunna bidiyo.

Idan don gem ka haɗa kwamfutar kuma kana da intanet mai yalwa, Bazzite ta zo da Steam da sauran kayan wasa a shirye. Arch da CachyOS a bar su sai hannu ya faɗa.

Gwada kafin ka goge komai

Kusan kowace distiro tana ba ka damar kunna ta daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Filas mai 8GB ya isa ga Mint, wadda nauyinta bai wuce kimanin 3GB ba. Rufus ko balenaEtcher za su rubuta maka ita, Ventoy kuma yana ba ka damar zuba distiro da yawa a filas ɗaya. Da ta tashi, gwada Wi-Fi da sauti da Bluetooth da kyamara da firinta. Katin Wi-Fi na Broadcom, wanda ake samu a wasu tsofaffin laftof, yakan buƙaci direba daban, don haka ka tanadi wayarka da kebul don ba kwamfutar intanet.

Kafin girkawa, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wata ma'ajiya ta waje. Idan Windows ɗinka tana da BitLocker, rubuta lambar buɗe shi ka ajiye, domin taɓa saitin kunnawa na iya sa ta nemi lambar. Ka tabbata batir ya cika ko akwai wuta tsayayya, don yankewar wuta lokacin raba ma'ajiya na iya cinye bayanai. Sannan kada ka bar wasannin Steam a ɓangaren Windows mai tsarin NTFS kana buɗe su daga Linux, hakan yakan jawo matsala. Ka ba su wuri a ɓangaren Linux.

Idan ka girka, ka ba ta sati biyu kana aikinka na yau da kullum a kai kafin ka yanke shawarar goge Windows ko barin ta.