Sake Fitar da Tsofaffin Waƙoƙin Hausa: Burin Masu Saurare da Lissafin 'Yan Kasuwa

ABUJA: Duk wanda ya nemi waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina ko ta Musa Ɗanƙwairo Maradun a wajen masu tura waƙoƙi a kasuwar Wuse, ko a tashoshin mota na babban birnin tarayya, zai same ta cikin minti kaɗan a kan kuɗi ƙalilan. Sai dai abin da zai ji a mafi yawan lokuta sauti ne mai shaƙewa da ƙara, wanda amon kalangu ko kotso ya dusashe a cikinsa, muryoyin 'yan amshi kuma suka cakuɗe. Wannan ne ya sa masu sha'awar waƙoƙin gargajiya suka daɗe suna fatan a sake fitar da su da ingantaccen sauti, kamar yadda kamfanonin Turai da Amurka suke yi wa tsofaffin mawaƙansu. Ko wannan buri zai cika ya dogara ne a kan abubuwa uku: ainihin tef ɗin da aka fara ɗaukar waƙar a kai, haƙƙin mallaka, da kuma girman kasuwa.

Abin da ake nufi da ingantaccen sauti

Faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da zurfin bit 16. Abin da masana'antar waƙa ke kira sauti mai tsananin inganci ya zarce haka, domin yakan kai awo 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa, da zurfin bit 24. Shi kuwa sauti mai kewaye mai saurare, tsari ne na rarraba kiɗa zuwa lasifikoki da dama, galibi biyar da ƙarin guda na amo mai kauri, ta yadda mutum zai ji kamar yana zaune a tsakiyar makaɗa. An gwada shi da lasifika huɗu a shekarun 1970 bai karɓu ba, aka sake gwadawa da faya-fayan SACD da DVD-Audio a wajajen 1999 zuwa 2000, ya tsaya a hannun tsirarun masu hali. Ya sake farfaɗowa ne a 2021 lokacin da Apple Music ya fara watsa waƙoƙi da tsarin Dolby Atmos.

Abin lura shi ne, ba a iya fitar da ingancin da ba a ɗauka ba tun farko. Domin a raba murya da kiɗa zuwa lasifikoki daban-daban, dole ne a ce an ɗauki kowannensu a kan layinsa na daban a tef. Galibin waƙoƙin Hausa na da, an ɗauke su ne a zama ɗaya, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi duk a gaban makirfo ɗaya ko biyu, a ɗakin rediyo, ko a fada, ko a wajen biki. Saboda haka, abin da ya fi dacewa da irin waɗannan waƙoƙi shi ne a kwafe su daga ainihin tef ɗin zuwa kwamfuta cikin mafi girman inganci, a tsabtace ƙara, a daidaita gudun tef. Gaskiya ne cewa yanzu akwai manhajojin da ke iya ware murya daga kiɗa, kuma da irinsu aka sake haɗa faifan Revolver na ƙungiyar Beatles ta Ingila a 2022, amma aikin yana da tsada, kuma an horar da manhajojin ne a kan kayan kiɗan Turawa.

Ina ainihin faya-fayan suke?

A zamanin garmaho, kamfanoni uku na ƙasashen waje ne suka mamaye harkar a Nijeriya, wato EMI da Decca da Philips, wanda daga baya ya koma Polygram. Akwai kuma na 'yan ƙasa, irin su Tabansi, wanda ya faro a farkon shekarun 1950. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da yaɗuwar kaset mai sauƙin kwafa, da kuma faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, su ne suka taru suka karya kasuwar faifai. Kamfanonin waje suka janye, reshen EMI ya zama Ivory Music, na Polygram ya zama Premier. Daga nan cinikin waƙar Hausa ya koma hannun masu kaset, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, inda ake kwafar kaset daga kaset, kowane kwafi yana rage ingancin wanda ya gabace shi. Yawancin abin da ke yawo a wayoyin jama'a a yau jikokin waɗancan kaset-kaset ne.

Babbar taska ta biyu ita ce ta gidajen rediyo. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962 kuma sashen rediyonsa ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, ya ɗauki mawaƙan Arewa masu yawan gaske, haka ma gidajen rediyon jihohi da Muryar Sahel ta Yamai. Masu bincike ma sun bar nasu: David Ames, wani masani Ba'amurke, ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka fitar da shi a faya-fayai biyu cikin jerin da hukumar UNESCO ta ɗauki nauyi.

Matsalar ita ce tef ba ya jiran kowa. Zafi da laima suna lalata sinadarin da ke riƙe sauti a jikinsa, har wani lokaci sai an gasa shi a hankali na tsawon sa'o'i kafin a iya kunna shi. Na'urorin kunna shi ma an daina ƙera yawancinsu. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa zuwa wajajen 2025 kayan gyaran waɗannan na'urori za su yi wuyar samu. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, domin gobarar da ta tashi a ma'adanar Universal a Amurka a 2008 ta cinye ainihin tef na dubban waƙoƙi.

Wa ke da haƙƙi?

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, mai hedkwata a Abuja, ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 47 ta 1988, kuma a yanzu tana aiki da sabuwar dokar 2022 wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023. Dokar ta bambanta haƙƙi iri biyu. Haƙƙin waƙar kanta yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuwa haƙƙin sautin da aka ɗauka shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi. Ke nan faifan da ya fito a 1972 haƙƙin ɗaukarsa ya ƙare a ƙarshen 2022, alhali waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da na Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, za su zarce haka.

Don haka duk mai son zuba jari sai ya nemi izinin magada, waɗanda a gidan mawaƙi ɗaya suna iya kai gommai, sannan ya daidaita da wanda tef ɗin ke hannunsa. Bugu da ƙari, mawaƙan da yawa ba su rubuta wata yarjejeniya ba, domin abin dogaronsu kyautar sarakuna da attajirai ce. Rashin tabbacin wanda za a biya yana daga cikin manyan abubuwan da ke korar masu jari.

Lissafin riba da asara

A fannin tattalin arziki, sake fitar da tsohon faifai sana'a ce da kusan dukkan kuɗinta ake kashewa kafin a sayar da kwafi na farko: neman tef, gyaransa, ladan injiniya, kuɗin lauya da haƙƙin magada. Kwafi na biyu kuwa kusan kyauta ne, ga mai jari da ɓarawon fasaha baki ɗaya. Wanda bai kashe ko kwabo ba yana iya karya farashi a ranar da kaya suka fito.

Akwai kuma batun aljihun mai saurare. Minti ɗaya na waƙa a tsarin MP3 da aka saba yana cin kimanin megabait 1, a ingancin CD kimanin 10, a mafi inganci na bit 24 da awo 96,000 kuwa kusan 35. Waƙar minti 20, wadda ba baƙon abu ba ce ga mawaƙan fada, za ta kai kusan megabait 700. Ga mai sayen data da kuɗin cefane, wanda kuma ƙaramar lasifikar waya ce abin saurarensa, bambancin ba zai biya kuɗinsa ba.

Duk da haka, kasuwar waje ta nuna cewa akwai masu saye. Kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor a 2013, kamfanin BBE na Landan ya fara sake buga faya-fayan Tabansi a 2019, shi kuma Sahel Sounds ya farfaɗo da kaset ɗin Mamman Sani na Nijar na 1978 a 2013. A kowane daga cikinsu, an sayar da faifan garmaho mai tsada ga masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje, sannan aka saka waƙoƙin a dandalin saurare na intanet. Shigowar Spotify Nijeriya a 2021, da kuma yawan masu jin Hausa daga Ghana zuwa Sudan da Saudiyya, sun buɗe irin wannan hanya ga waƙar Hausa.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne aikin yana da matakai, kuma ba kowanne ne kasuwa za ta ɗauki nauyinsa ba. Ceto tef da kwafe shi amfanin kowa ne, ribarsa ba ta komawa aljihun mutum ɗaya, don haka ya fi dacewa da gwamnati, jami'o'i da masu ba da tallafi. Tantance magada da rajistar haƙƙi aikin hukuma ne da iyalan mawaƙa. Bayan waɗannan biyu ne ɗan kasuwa zai ga abin da zai saya, ya kuma san wanda zai biya. Sauti mai kewaye mai saurare yana iya jira, tunda fasaharsa ƙara sauƙi take yi kowace shekara, amma duk tef ɗin da ya narke a cikin kwaba a daminar bana ya tafi da waƙarsa ke nan.