Ƙwayar gwaji da yadda ake duba ta

Mai sayen albasa a Galmi, in yana shakkar sikelinsa, sai ya ɗora masa dutsen kilo ɗaya. In allura ta nuna kilo ɗaya, sikeli yana da kyau. Masana kimiyya ma haka suke gwada na'urorinsu.

Akwai ma'adinai masu fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa. Uraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 yana cikinsu. Wani Bafaranshe, Hanri Bekarel, shi ya gano wannan ɓoyayyen haske a 1896. Ana auna shi da na'urar Gaiga, mai ƙara ƙas-ƙas in hasken ya shige ta.

Ita ma na'urar tana da nata dutsen kilo, ana ce masa ƙwayar gwaji. Ɗan ƙaramin ma'adini ne, kamar seziyom 137, wanda aka san ƙarfinsa, aka rufe shi ruf cikin kwanson ƙarfe ko na roba. Ana aiki da irinsa a ɗakunan bincike, kamar na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Haske yana ratsa kwanson ya fita, amma garin ma'adinin dole ya zauna ciki. To, kwanso yana tsufa, yana tsatsa, yana tsagewa. Shi kuwa seziyom 137, sai bayan shekara 30 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. In ya yoyo ya taɓa hannu, zai iya bin abinci ya shiga ciki. Don haka ake duba ƙwayar lokaci-lokaci.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai fara auna hasken ɗakin, don ko'ina akwai shi kaɗan. Sannan ya sa safar hannu, ya kama ƙwayar da awartaki, ya goge bayanta da jiƙaƙƙiyar auduga. Sai ya mai da ƙwayar akwatin dalma, ya auna audugar ita kaɗai. Ma'aunin da ake yin lissafi da shi sunansa bekarel. In abin da auduga ta ɗebo ya wuce bekarel 200, ƙwayar tana yoyo. Sai a daina aiki da ita, a killace ta, a sanar da hukuma.

Sakaci da irin wannan kaya yana kisa. A 1987, a birnin Gwayaniya na Birazil, wasu mutane biyu suka ɗauko wata babbar ƙwaya daga asibitin da aka bari, suka fasa ta, suka sayar wa mai tsoffin ƙarafa. Garin ciki yana walƙiya shuɗi, mutane suka yi ta shafawa. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya mai shekara 6.

Yara, alamar wannan kaya kamar farfela take mai fiffike uku, bisa launin ɗorawa. In kun gan ta jikin ƙarfe, ko a Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, kada ku taɓa. Ku yi nisa, ku gaya wa malam.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin ƙwayar gwaji?
2. Don me ake auna audugar ita kaɗai?
3. Yaya alamar wannan kaya take?