FASHIN BAƘI: Samaru ko Sabon Gari? Abin da magidanci zai duba kafin ya kawo iyalinsa Zariya

Kowace shekara, takardun ɗaukar aiki da na sauyin wurin aiki suna kawo sababbin magidanta Zariya. Wani malami ne da ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, wani ma'aikacin jinya ne da aka tura Asibitin Koyarwa na Shika, wani kuma soja ne ko ma'aikacin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama. Da zarar murnar samun aiki ta lafa, tambaya ɗaya ce ke hana su barci: a wace unguwa za a sauke iyali?

Tambayar tana da nauyi, domin a Zariya, kamar sauran biranen Arewa, kuɗin hayar shekara guda ake biya a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Wanda ya yi kuskuren zaɓi zai zauna da kuskurensa wata 12, ko kuma ya yi asarar kuɗinsa. Abin da wannan bayani ke son nunawa shi ne, kyan ɗaki da fentinsa su ne na ƙarshe a lissafi. Tazara da ruwa su ne na farko.

Gari ɗaya, matsugunai da dama

Baƙo kan ɗauka Zariya dunƙulallen gari ne. A zahiri matsugunai ne da suka kafu a lokuta daban-daban, saboda dalilai daban-daban, daga baya gine-gine suka haɗe su. Akwai Birni, inda fadar Sarkin Zazzau take. Akwai Tudun Wada, wadda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa baƙi 'yan Arewa. Sai Sabon Gari, wanda ya tsiro a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, aka zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwa, akasarinsu daga Kudu.

Samaru kuwa gonar bincike ce ta haife ta. Tun farkon shekarun 1920 aka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, ƙauyen da ke tsallaken titi ya rikiɗe ya zama garin ma'aikata da ɗalibai.

A tsarin mulki, Samaru da Sabon Gari duk suna cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, mai hedikwata a Dogarawa. Amma tsakaninsu akwai tafiyar kilomita 10 da ɗoriya a kan Titin Sakkwato, wanda ya bi ta gadar Kwangila, inda ya haɗu da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano. A gefen wannan titi ne unguwanni irin su Hanwa, Palladan da Zango suka bunƙasa. Shika, inda asibitin koyarwa ya koma a 2005, tana gaba da Samaru ta hanyar Funtuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Giwa.

Lissafin hanya kafin lissafin haya

Wannan shimfiɗa ta gari tana nufin wurin aiki ne ya kamata ya fara yanke hukunci. Mai aiki a babbar harabar jami'a, ko Cibiyar Fasahar Fata ta Samaru, ko asibitin Shika, ɓangaren Samaru ne ya fi masa sauƙi. Mai aiki a harabar Kongo, inda tsangayoyin Shari'a da Harkokin Mulki suke, ko a Barikin Chindit, ko a bankunan da ke kewayen PZ, Sabon Gari da Tudun Wada ne kusa da shi. Sau da yawa sabon ma'aikaci kan ji an ce jami'a tana Samaru ya kama gida can, sai daga baya ya gane ofishinsa yana Kongo, a ɗaya ƙarshen garin.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Misali mai sauƙi zai bayyana haka. A ce magidanci da 'ya'yansa uku suna fita kowace safiya su dawo da yamma, kwana biyar a mako. Kujera 40 ke nan a mako, kimanin 160 a wata. Idan tafiyar tana buƙatar sauka a Kwangila a sake hawa wata motar ko Keke Napep, lissafin ya ninka. Duk wanda ya ɗauki wannan adadi ya buga shi da kuɗin motar da ake biya yau, zai iya tarar da cewa gidan da ya fi araha da nisa ya fi gidan da ke kusa tsada a ƙarshen shekara.

Idan maigida da uwargida duk ma'aikata ne, ɗaya a Samaru ɗaya a cikin gari, unguwannin tsakiya kamar Hanwa da Palladan suna raba musu wahalar biyu. Haka nan ga ma'aikatan kwalejin jiragen sama, wadda aka kafa a 1964, da na cibiyoyin da ke kan hanyar Basawa.

Ruwa: tambayar da dillali ba ya so

Wanda ya ƙaura zuwa biranen bakin tafki masu dusar ƙanƙara a Amurka, irin su Cikago, tambayarsa ta farko ita ce yadda gida ke ɗumi da kuma wanda ke share titi idan ƙanƙara ta rufe shi. A Zariya, tambayar da ke matsayin wannan ita ce ta ruwa, kuma fuska biyu gare ta: rashinsa da rani, da yawansa da damina.

An daɗe ana fama da ƙarancin ruwan famfo a Zariya. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, amma kasancewar matata ba ya nufin ruwa na zuwa kowane layi. Gidaje da yawa har yanzu sun dogara ne da rijiya, da rijiyar burtsatse, da 'yan ga-ruwa masu tura kura. Jami'a tana da madatsar ruwanta a kan Kogin Kubanni, amma wannan domin harabarta ne. Wanda ya kama haya a Hayin Dogo ko Danraka kada ya sa ta a lissafinsa.

Ƙasar Zariya a kan dutse take zaune, don haka ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya da yawa a ko'ina, kuma rijiyoyi marasa zurfi sukan ja baya ko su ƙafe a watannin Maris da Afrilu. Rijiyar da aka nuna wa mai neman haya cike maƙil a watan Satumba ba shaida ba ce. Shaidar tana bakin maƙwabta: a tambaye su inda suke samun ruwa da bazara, da nawa ake sayar da jarka a lokacin. A kuma duba tazarar rijiya da masai. Ƙa'idar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce kimanin mita 30, abin da ke da wuyar samu a cunkusassun gidajen haya.

Da damina kuma lamarin juyawa yake yi. Yankin Samaru yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ne ƙololuwa. Kubanni, wanda ya ratsa harabar jami'a ya gangaro ya raba Sabon Gari da Tudun Wada kafin ya faɗa Kogin Galma, yana da fadamu da rafuka a gefensa, kuma an yi gine-gine a wasu daga cikinsu. Gidan da ke kwari yakan yi araha saboda dalili. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura: sawun danshi a gindin bango, sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa, da magudanar da ta cushe da shara. A sababbin unguwannin bayan gari kuma, hanyar da mota ke bi lafiya a watan Janairu tana iya gagarar ɗan acaɓa a watan Agusta.

Hunturu shi ma yana da nasa hukunci. Zariya tana kan tudu, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare da ƙura sukan tsananta. Iyalin da ke da jarirai ko mai ciwon asma su duba ko tagogi suna rufuwa da kyau, su kuma tuna cewa ɗakin da ba ya shan iska zai zama azaba idan zafin Afrilu ya zo.

Halin kowace unguwa

Rayuwar Samaru tana tafiya ne da kalandar jami'a. Idan ɗalibai suna nan, kasuwa na ci, mota na samuwa har dare, masu gidaje kuma sun fi son yanka gida ɗaki-ɗaki su ba ɗalibai, abin da ke sa gidan iyali mai zaman kansa yin wuyar samu kusa da ƙofar jami'a. Idan aka rufe makaranta, garin yakan yi tsit. An ga haka a yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Matar da ke shirin buɗe shago ko sayar da abinci domin tallafa wa gida ya kamata ta san da wannan.

Sabon Gari ba ya jiran ɗalibai. Babbar kasuwarsa, da shagunan kayan gyara, da bankuna, suna aiki duk shekara, kuma ƙabilu da addinai sun daɗe suna zaune tare a cikinsa. Farashin wannan shi ne cunkoso, da hayaniya, da tsofaffin gidajen da iyalai da yawa ke haɗa tsakar gida da banɗaki. Mai neman sarari sai ya matsa GRA idan aljihunsa zai ɗauka, ko ya fita gefen gari.

Fita gefen gari kuwa yana da nasa sharaɗi. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 ya tuna wa mazauna Zariya cewa wuraren da ke bakin daji sun fi fuskantar haɗari. Kafin a kama gidan da babu maƙwabci a bayansa, a gana da mai unguwa, a ji ko akwai 'yan sintiri, a kuma san nisan ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Makaranta, wuta da takarda

Makarantun firamare da sakandare na jami'a da ke Samaru suna cikin abin da ke jan iyaye zuwa can, amma gurbi ba tabbas ba ne, don haka a nemi gurbin yaro kafin a biya kuɗin gida. Batun lantarki kuma, tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin A, wato layukan da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, ya zama wajibi ɗan haya ya san rukunin da gidan yake, ko yana da mitarsa shi kaɗai, da kuma ko wanda ya tashi ya bar bashi.

A rubuta yarjejeniyar haya, a fayyace wanda zai gyara rufi da famfo, a karɓi rasit daga hannun mai gida ko wakilinsa na haƙiƙa. Mai niyyar sayen fili ya tantance takardunsa a hukumar KADGIS, ya kuma nemi izinin gini daga KASUPDA, tun kafin ya sauke bulo.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce mafi tsufa: gani ya kori ji. Magidanci ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na 'yan makonni. Ya tsaya a bakin titin unguwar da yake so da ƙarfe 7 na safiyar Litinin ya ga yadda ake samun mota, ya sake komawa da dare ya ga ko akwai wuta, idan kuma damina ce ya je bayan an ɗauke ruwa. Abin da ya gani a waɗannan ziyarce-ziyarce uku shi ne gidan da iyalinsa za su zauna a ciki.