Tirap a kunnen Arewa: saɓanin manazarta da masu saurare a kan nauyin gaɓa

1. Matsala

Ran 25 ga Disamba 2020 mawaƙin Amurka Playboi Carti ya fitar da faifansa Whole Lotta Red, mai waƙa 24. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard, amma da yawa daga cikin masoyansa suka yi tir da shi a kwanakin farko. Manazarta kuwa suka yaba, har mujallar Rolling Stone ta sa shi gaba ga dukan faifan hip-hop na 2021. A ƙasar Hausa abin ya kan juya: matasa ke rungumar tirap, malamai da ƴan jarida su ce ba a jin abin da mawaƙin ke faɗa. A wannan maƙala muna son mu nuna cewa kukan nan yana da tushe a tsarin sautin Hausa, sai dai ba a wurin da aka saba ɗora laifin ba. Za mu duba batun daga gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso.

Mu kawar da ruɗani guda tukuna. In mawaƙin Kaduna ya ce "Arewa", arewacin Nijeriya yake nufi. Mu Arewar Ba'are muke nufi, ƙasar Matankari da Lugu, wadda harshenta ya tsallaka iyaka har Kangiwa a jihar Kabi.

2. Ma'aunin manazarta

Tirap ya tashi a kudancin Amurka, musamman Atlanta, kuma faifan T.I. mai suna Trap Muzik (2003) ya yaɗa sunan. A duniyar masu Faransanci, Or Noir na Kaaris (2013) ya buɗe masa ƙofa. Ana gane shi da amon ganga mai zurfi na na'urar TR-808, da ƙararrawa mai sauri, da salon cusa gaɓa uku cikin bugu ɗaya, wanda ƙungiyar Migos ta yi suna da shi tun 2013.

Manazartanmu ba a kan wannan kiɗa suka horar da kunnensu ba. Rap na Nijar, irin na Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskiya, ya fito a ƙarshen shekarun 1990 da saƙo a bakinsa: cin hanci, sida, auren dole. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta nuna a littafinta Fada (2019) yadda samari suka ɗauki rap a matsayin faɗin gaskiya. A Kano ma saƙon ne ya ja wa Ziriums haramcin waƙarsa "Girgiza Kai" a 2009. Wanda ya taso a kan haka, in ya sa faifai, kalmomi yake jira. In bai kama su ba, sai ya ce faifan fanko ne, ya ɗora laifin a kan Auto-Tune, wai ita ke goge karin sauti.

3. Karin sauti ko tsawon wasali?

Duba waɗannan misalai, inda muka ninka dogon wasali muka kuma sa alamar kari:

(1) yaa tàfi (shuɗaɗɗen lokaci)
(2) yà tàfi (umurni ko fata)
(3) yâa tàfi (lokaci mai zuwa na biyu)

Rubutun yau da kullum bai bambanta su ba. Kunne ne ke bambantawa, da kari da tsawo. Don haka mai cewa na'ura na iya ɓata ma'ana bai yi ƙarya ba. Amma mawaƙan gargajiya su ma ba su bin karin sauti sau da ƙafa. Muryar waƙa ta kan danne shi, mai saurare ya cike giɓin daga muhallin magana. Abin da ba su wasa da shi shi ne nauyin gaɓa. Gaɓa mai nauyi (baƙi da dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe) tana cin wajen ninki biyu na lokacin marar nauyi, kuma a kan wannan aka gina karin waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya. Russell Schuh ya yi shekaru a kan batun, aikinsa da Bruce Hayes a kan rajaz ya fito a mujallar Language a 2019, bayan rasuwarsa.

To, salon gaɓa uku yana raba bugu kashi uku daidai wa daida, kowace gaɓa da rabonta guda. A Ingilishi wannan ba ya taɓa ma'ana sosai. A Hausa kuwa (1) da (2) sai su zo da tsawo ɗaya, kuma idan kari ya riga ya raunana, babu abin da ya rage na rarrabewa. Haka farii na launi da fàarii na gona. Ga kuma wata wahala: galibin sunaye na Hausa da dogon wasali suke ƙarewa, saboda haka jera gaɓoɓi marasa nauyi uku ko shida aiki ne ja. A ganinmu wannan na cikin dalilan da ke sa mawaƙa irin DJ AB na Kaduna, mai faifan Supa (2021), ko ClassiQ na Bauci, su riƙa tsoma Ingilishi a tsakiyar baiti. Ana kiran abin ƙyuya ko raina harshe. Mu muna ganin sau da yawa dabarar cika ma'auni ce.

4. Abin da fada ke ji

Samarin da ke sauraren waƙar a salula, a bakin shayi, ba kurame ba ne. Wani ma'auni suke riƙe da shi, shi ma tsoho: na kirari. Ɗan kokowa in ya shiga fili yana kirari, ba kowa ke kama kowace kalma ba, kuma ba wanda ya ce ya ɓata Hausa. Ƙarfin murya ake aunawa, da numfashi, da habaicin da ya sami abokin karo. Ba banza ba wasu a Kano ke kiran rap gambarar zamani. Mai saurare na fada yana maimaita waƙa sau da yawa har ya haddace. Abin da ya kuɓuce wa manazarci a ji na farko, shi ya same shi a na goma.

Ba'are yana da ƙarin nisa guda. Waƙoƙin da ke shigo masa da Hausar Kaduna da Kano suke, ga Ingilishin da bai koya a lakkwal ba. Shi kuwa hwari yake cewa, kuma ts ɗinsa kan koma wajen c kafin i, abin da ya ba Faransawa rubutun "Doutchi". Muhimmin abu ga batunmu shi ne ninkin baƙi:

(4) Kananci: shii nèe ya tàfi
(5) Arewanci: shii nàa yat tàhi

Gaɓar da ba ta da nauyi a (4) ta yi nauyi a (5). Ke nan yaron Tibiri da ke son ɗora harshen gidansu a kan gaɓa uku ya fi na Kaduna shan matsi, kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ari Kananci. Wannan ne ya kamata ya dami sashenmu fiye da Auto-Tune.

Ana iya gwada hasashen ba da tsada ba: a ɗauki baiti guda, a sa mai Arewanci ya faɗe shi da magana, sa'an nan ya rera shi a kan kiɗan, a auna tsawon kowane wasali da Praat. Muna sa ran tazarar dogo da gajere za ta ragu ƙwarai a tsakiyar baiti, ta dawo a gaɓar ƙarshe, inda amsa-amo ke zama.