Matsayin Doka Game da Yawan Ma'aikatan Jinya a Asibitocinmu

Manufar wannan takarda ita ce mu duba abin da dokar ƙasa ta faɗa game da ma'aikatan jinya, wato nas-nas, da kuma abin da ta yi shiru a kansa. Mu mazauna Gyallesu wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, domin mun daɗe muna maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Tudun Wada, kafin a mayar da akasarin ayyukansa Shika a 2005.

An kafa majalisar kula da aikin jinya a Nijeriya tun 1947. Daga bisani Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta gwama ta da hukumar ungozomomi, suka zama majalisa guda, wadda aikinta shi ne tsara karatu, da shirya jarrabawa, da yin rajista, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Ke nan dokar ta amsa tambaya ɗaya, wato wane ne ya cancanci a kira shi nas. Amma majinyata nawa za a danƙa masa a dare guda? Nan ba ta ce uffan ba. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci mallakar takardar shaidar inganci, sai dai ita ma ba ta yanke wannan adadi ba.

Kada a ɗauka batun jin daɗin ma'aikata ne kurum. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun buga binciken da suka gudanar a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yakan ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: nas ce ke fara lura da numfashin da ya sauya ko jinin da ya ɓalle, in kuwa tana can ƙuryar ɗaki wajen wani, sai a makara. Jihar Kalifoniya ta yi doka kan haka a 1999, ta fara aiki a 2004, kuma daga 2005 ba a yarda nas ɗaya ta wuce majinyata biyar a ɗakin jinya na gama-gari ba, biyu kuma a ɗakin kulawa ta musamman.

To, amma doka ba ta haihuwar ma'aikata. A 2024 majalisar jinya ta bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Maganin da ta kawo a watan Fabrairu na shekarar shi ne sai mutum ya yi aiki shekara biyu kafin a tantance masa takardunsa na fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganinmu wannan rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki, tunda abin da ke korar su, wato ƙarancin albashi da nauyin aiki, yana nan daram.

Saboda haka duk dokar da za ta ƙayyade adadi tilas ta haɗa da ɗalibai. Dokar ba ɗalibai rance ta 2024 ta rage zafi, amma rance bashi ne, kuma mai bashi a wuya shi ya fi saurin neman inda albashi ya fi tsoka. Mun fi karkata ga a ba ɗalibin jinya alawus da wurin kwana, bisa sharaɗin zai yi wa jiharsa aiki na wasu shekaru, ita kuma jihar ta ɗaure kanta da ɗaukarsa aiki da zarar ya kammala. Har ila yau ya kamata dokar ta fito ɓaro-ɓaro ta ce ɗalibin da ke koyon aiki a ɗakin majinyata ba ya shiga lissafin ma'aikata, don kada a cike giɓin takarda da yaran da su kansu ke bukatar mai duba su.