Ƙadandoniya: Danginta da Halinta

Da ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kunci, duk wanda ya yi sammako zuwa gona zai ga ƙadandoniya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa inda ta ɓuya tun rani. Manomi kan shuka gyaɗa, ya ga giɓi a kunya, ya ce iri ne ba shi da kyau. Alhali kuwa wani lokaci ita ce ta cinye ƙwayar. Don haka muka ga ya kamata malamai su san ta.

Masana sun ƙidaya irinta fiye da 12,000 a duniya, suka kasa su kashi 16. Kashin da ya fi shafarmu shi ne Spirostreptida, watau dogayen nan mulmulallu na ƙasashen zafi. A cikinsa akwai wani gida, Odontopygidae, wanda Afirka ce mazauninsa, daga nan ne maɓarnatan gyaɗa da gero suka fito. Masana kan rarrabe iri da iri ta duban ƙafafun namiji na gaɓa ta bakwai, waɗanda suka rikiɗe don barbara.

Kada a haɗa ta da shanshani. Shi ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, ga sauri, ga dafi. Ita kuwa huɗu gare ta, ba ta cizo. In an taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta fid da wani ruwa mai wari wanda ke rina fata, yana kuma ƙona ido. Turawa suna ce mata mai ƙafa dubu, amma sai a 2021 aka bayyana wata a Ostireliya mai ƙafa 1,306.

Abincinta na asali ruɓaɓɓen ganye ne, tana mai da shi taki. Ɓarnarta kuwa, ban da cin iri, tana huda ɗanyen kwanson gyaɗa, fumfuna mai guba ta sami ƙofa.

To, malamai, ga darasi a bakin gona. Ku sa yara su ƙidaya gaɓoɓinta, su riɓa da huɗu, sun kusa da yawan ƙafafunta ke nan. Sa'an nan su wanke hannu. In sun koma gida su gaya wa iyayensu, kafin a zargi iri a tona ramin shuka a duba.