Sabon Injin Caji a Tsohuwar Mota

Wanda ya taɓa ganin cunkoson motoci a Makka lokacin aikin Hajji ya san mota takan yi sa'o'i tana rarrafe tsakanin Arfa da Mina, ga zafi wanda ya kai digiri 51.8 a shekarar 2024. A nan ne tsohuwar a-kori-kura, wadda Larabawa ke kira wanit, takan mutu, gama dainamonta ba ya cika batir sai inji yana gudu sosai. Altaneta kuwa, wanda kamfanin Chrysler ya fara sa wa motarsa Valiant a 1960, yana caji ko inji yana sulo.

Kafin a saya, lalle ne bakanike ya duba abu biyu. Na farko ƙarfin batir, bolt 6 ne ko 12. Na biyu, wane kan batir aka ɗaure da jikin mota, domin motocin Ford kafin 1956 kan tarawa suke ɗaurewa, alhali yawancin altaneta kan ɗebewa suke bukata. In aka juya su, nan take ya ƙone.

Sa'an nan a cire batir, a sake waya mai kauri tare da fis, gama wayar dainamo mai amfiya 30 ba ta ɗaukar 60 sai ta yi zafi, har ta kama wuta. A haɗa ƙaramar waya da jar fitilar gaban direba, a ɗaure fambel daidai. In ma'auni ya nuna kamar bolt 14, to, aiki ya yi kyau.